Kwamfutar Maga da Layar Malam Iro

Ranar Laraba ce, a mako na biyu na watan Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi. Mu uku ne a shagon. Akwai ni, akwai Bappa Hamadu tela, maƙwabcinmu, da ya shigo shan iskar fanka, sai wani dogon mutum da ya sauka daga babur rungume da kwamfuta a naɗe cikin bargo. Ya ce sunansa Danyel, shi ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Maga, kuma a Marwa ya kwana kafin ya iso Garwa. Mai shagon, Malam Iro, ba ya nan. Wata biyu ke nan yana kwance a gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya daina magana.

Zan komo kan wannan rana. Ku ne kuka sa na ɗauko ta, ku masu gyaran waya da laftof a bakin kasuwa. Makon jiya ɗayanku ya tarar da ni ina fama da tsohuwar na'urar wani mai buga takardu, ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, wannan ai ba aiki ba ne. In ta ƙi tashi a goge, a sake zuba mata, a sha shayi." Abokansa suka yi dariya. Ban amsa masa ba, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya. Ga ta nan a rubuce.

Ban shiga wannan sana'a da ƙuruciya ba. Shekara shida na yi a gidan rediyo ina juya labarai daga Faransanci zuwa Hausa ina karantawa, har aka rage ma'aikata, sunana ya fito. Ina da shekara talatin da ɗaya, ga mata ga 'ya'ya biyu, na je na durƙusa gaban Malam Iro. Kakansa bafatake ne da ya zo daga Kano da kanwa ya zauna. Shi kuwa da gyaran rediyo ya fara, ya koma tafireta, da ofisoshi da 'yan mishan suka fara shigo da kwamfuta sai ya zamana shi ne ke da ƙarfin halin kwance ta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan rediyo, baki ka iya. Nan kunne ake so."

Aikin farko da na gani a hannunsa na wata mata ne mai buga wa mutane takardun neman aiki kusa da kotu. Kwana biyu na'urarta ba ta tashi ba. Malam ya ce in rufe ido, ya kunna.

"Me ka ji?"

"Fanka, Malam."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Ya kashe ya sake kunnawa, har sau biyar. A na biyar na ji su ɗaya bayan ɗaya: fanka, sannan babban faifai ya ɗauki gudu kamar injin niƙa daga nesa, sannan ƙara guda gajeriya, sannan gurnani daga ramin disket, sai kuma shiru a inda bai kamata a yi shiru ba. Ya sa yatsa ya danna, disket ɗin matar, ɗan faifan nan da ake zurawa a cire, ya fito. Mantawa ta yi da shi a ciki, ita kuwa na'urar ramin disket take fara leƙawa kafin ta waiwayi babban faifai. A kan allo an rubuta a cire shi, amma da Ingilishi, domin daga Najeriya aka sayo disket ɗin, matar kuma Faransanci ta yi a lekol, wato makarantar boko. Daga ranar na gane cewa tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Aikin mai gyara shi ne ya san a wane mataki ta tsaya, kafin ya taɓa ko da ƙusa ɗaya.

Wata na'urar ta zo mana daga wani ƙaramin asibiti a Poli, a bayan mota, ta sha gargada. Allo baƙi ƙirin, sai ƙara uku tana maimaitawa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta ne suka ɗago daga mazauninsu. Zafin Afrilu na ƙasar nan yana kumbura ƙarfe da rana, ya saki da asuba, a hankali ƙwaya ta riƙa fitowa kamar haƙorin tsoho. Malam ya bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce ƙas, ya goge bakin katunan da magogin fensir. Ta tashi. Wata kuma ta mai kantin magani ce, faifan ya liƙe ya ƙi juyawa. Ya ciro shi, ya riƙe a tafin hannu, ya murɗa wuyan hannunsa sau ɗaya kamar mace mai shiƙa, ya mayar. Da faifan ya ɗauka sai ya ce wa mai kantin, "Kada ka kashe ta. Kwashe abin da kake so yanzu, wannan faifan ya gama kwanansa." Mutumin ya ce sai gobe, yau yana da baƙi. Gobe bai juya ba. Mun sha ciro tsaka a ƙone daga akwatin wuta, mun sha zazzage ƙwan kyankyaso daga ƙarƙashin madannai.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Turnabis biyu na kwance ƙusa, mitar gwada wuta mai allura, ƙarfen walda, tsohon buroshin haƙori, ɗan madubi a kan waya don leƙen lungu. Abin da ya fi komai daraja yana cikin gwangwanin biskit: disket biyu na tayarwa, waɗanda za su ta da na'ura ko da babban faifanta ya ƙi. Malam yana zuba ɗanyar shinkafa a gindin gwangwanin saboda laimar damina, domin fumfuna na cin disket kamar yadda take cin tuwon da ya kwana uku. Ba intanet, ba wanda za ka buga wa waya. Abin da ka sani shi ne abin da kake da shi.

Abu ɗaya ne Malam Iro bai koya min ba. Duk lokacin da aiki ya kai ga shafin saiti, wato inda ake gaya wa na'ura irin faifan da ke cikinta, sai ya tuna yana son shayi, ko goro, ko a kai saƙo gida. In na dawo, ta riga ta tashi. Ban ɗauki wannan abin mamaki ba. Haka maƙera suke yi, haka masu ɗori suke yi, kowane maigida yana riƙe mabuɗi ɗaya a aljihu. Na kuma lura cewa duk na'urar da ya haɗa da hannunsa, kafin ya rufe sai ya ɗaura wata 'yar laya ta jar fata a jikin ƙarfen da ke riƙe faifai. Ita ma ban tambaya ba. Mutum mai shekarun ubanka ya ɗaura laya a kayansa, ba ka cewa mene ne a ciki.

Sai in yi muku bayanin abin da ke wannan shafi, domin ku ba ku taɓa ganinsa ba. Kwamfutar wancan zamani ba ta san faifan da ke cikinta ba, sai an gaya mata: zagaye nawa, kawuna nawa, yanki nawa a kowane zagaye. Tana da jeri na nau'i arba'in da wani abu, kowane da lambarsa, ka zaɓi ɗaya. Wani ɗan batir mai kamar ƙwayar dabino shi ke riƙe mata wannan zaɓi in an kashe ta. Ranar da ya mutu, sai ta manta kwanan wata, ta manta lokaci, ta manta faifanta, alhali duk abin da aka rubuta yana nan lafiya lau. Wannan na karanta shi da kaina a wani littafin Faransanci da na saya a gefen hanya. Bayan Malam ya kwanta, sau uku aka kawo min irin wannan. Na karanta lambobin da ke liƙe a jikin faifai, na nemi daidai da su a jeri, suka tashi. Na ɗauka na sami mabuɗin.

To, ranar Larabar. Danyel ya kwance bargon a kan tebur da kansa, ya ƙi yarda in taya shi. Hausarsa ta kasuwa ce, yana cike giɓi da Faransanci.

"Patron, Malam Iro ne ya haɗa mana ita, shi ya kai ta Maga da kansa. Wani a Marwa ya duba ya ce ba hannunsa ba ne, in kawo wa mai ita."

"Yaushe ta daina tashi?"

"Janaretonmu ya lalace tun Janairu, ba a sami kayan gyara ba. Wata huɗu tana rufe. Ranar Lahadi muka samo aro, na kunna, ta ƙi."

Ya gaya min abin da ke ciki. Sunayen gidajen da ke da fili a ƙungiyar ne, layi bakwai daga bakin babbar hanyar ruwa zuwa ƙarshe, kowane gida da lambar filinsa. A bana tarakta ta baje kunyoyin da ke raba filayen, don haka sai an sake aunawa an nuna wa kowa nasa. An sa taron rabon ranar Asabar ta mako mai zuwa. Na tambaye shi littafin takarda. Ya ce rufin ofis ya yi yoyo a daminar bara, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Na tambaye shi disket. Ya ciro daga aljihun riga. Na zame murfin, na ga fumfuna fari fat a kai.

"Tun da littafin ya lalace ake cewa ni na jiƙa shi," in ji shi. "Masu layi na ɗaya da na biyu kowa ya san su, iyayensu ne suka fara. Amma layi na bakwai baƙi ne, masunta da suka bar ruwa, da mata da mazansu suka mutu. Akwai Maman Rut, 'ya'ya biyar. In ba wannan akwatin ba, babu wanda zai tashi a taro ya ce filinta ne."

Na kwance murfin kwamfutar. Layar tana nan a inda Malam yake ɗaura ta. Bappa Hamadu ya miƙo wuya, ya kira ni da sunan tsokanar da Fulani ke yi wa Bahaushe.

"Kaɗo, ka yi aikinka amma kada ka taɓa wannan. Ita ta hana aradu cinye musu kaya."

Danyel ya ce, "Mu ma ba mu taɓa ba. Fasto ya ce a cire, shugaban ƙungiya ya ce a bar wa mai abu abinsa."

Na auna batir, ya mutu murus, har ya fara zubar da farin gishiri. Na yanke shi, na goge wurin, na haɗa batiran tocila uku da waya. Na leƙa jikin faifan da madubi, takardar ta ce kawuna biyar. Na shiga shafin saiti, na sami nau'i mai kawuna biyar wanda girmansa ya yi daidai, na zaɓa. Fanka, faifai, ƙara guda, gurnani. Sai rubutu ya fito: *Disque non système*, wato ba ta sami abin tashi a faifan ba. Na ɗauko disket daga gwangwani na ta da ita, na ce ta nuna min sunayen abin da ke babban faifai. Ta nuna. Ba suna ko ɗaya. Zanen 'yan fuskoki ne, da zukata, da haruffan da ba na Faransanci ba.

Nan ya kamata in tsaya. A gidan rediyo an koya min cewa labarin da ba ka tabbatar ta hanya biyu ba, ba ka karanta shi. Amma ina da wata manhaja ta gyaran faifai da wani ya kwafo min daga Duwala, ta taɓa fitar da ni kunya sau biyu. Na saka ta. Ta yi ɗan bincike, ta ce teburin da ke nuna mazaunin kowane fayil ya lalace, ko ina so ta gyara? *Oui* ko *Non*, i ko a'a.

"Me ta ce?" in ji Danyel.

"Ta ce ta ga ciwon, tana neman izini."

"To ba ta mana, patron. Motar Marwa ƙarfe biyu take tashi."

Bappa Hamadu ya ce, "Likita ya ga ƙurji, me kuma ake jira? Ku 'yan boko komai sai kun yi taro."

Na danna. Ta sake tambaya ko ina so ta ajiye yadda faifan yake a kan wani disket, don a iya komawa baya. Ba ni da disket marar komai. A shekarar ko a manyan kantuna sun yanke, waɗanda ke gwangwani kuwa ba na rubutu a kansu. Na ce a'a.

Minti goma sha takwas ta yi tana aiki, fitilar faifan na ƙiftawa. Da ta gama ta ce an gyara. Fuskokin sun tafi, a madadinsu wasu guntaye ne masu lamba a jere, na buɗe uku ban ga komai ba sai shara. Na sake kunna na'urar, ta ƙi tashi kamar ɗazu. Na ce wa Danyel ya haƙura da motar yau. Ya dube ni, ya dubi allo, ya naɗe bargonsa ya zauna a kai.

Bayan la'asar na je gidan Malam Iro, kamar yadda nake yi kullum don in gaya masa ayyukan da suka shigo. Yana kan tabarma a rumfar tsakar gida, matarsa Hajja Dije tana tsintar shinkafa a faranti. Na gaishe su, na fara bayani. Da na ambaci Maga, sai ya ɗaga hannun hagu yana bugun damtsensa. Na ɗauka juya shi yake so a yi, na miƙe.

Hajja ta ce, "Zauna, Salisu. Laya yake nufi."

"Tana nan, Hajja. Ban taɓa ta ba."

"Ba ka buɗe ba?"

"In buɗe layar Malam?"

Ta ajiye farantin a ƙasa.

"Wace laya, ɗan nan? Ni nake ɗinke masa su da guntun fatar da nake karɓowa wurin baduku. Lamba ce a ciki. Ya ce in ya rubuta a jikin ƙarfe, duk ɗan gyaran rediyo zai kwafa ya ƙwace masa mutane. Ya ce a ƙasar nan, da Musulmi da Kirista da mai tsafi, babu wanda zai sa reza ya farke laya."

"Bai taɓa gaya min ba."

"Ya ce sai ka cika shekara uku."

Shekarata biyu da wata bakwai a shagon. Malam yana kallona, yana motsa yatsa kamar mai rubutu, sannan ya girgiza shi. Na gane tambayar: ko na bar wani abu ya yi rubutu a kan faifan. Na ce, "Na ba manhaja izini, Malam. Ta yi rubutu a kai." Ya juya fuskarsa wajen bango.

Na koma shago rana ba ta faɗi ba. A gaban Danyel da Bappa Hamadu na sa reza na farke ɗinkin. Guntun takardar littafin lekol ce, an ninke ta huɗu, da rubutun fensir na Malam: 40, sannan 820, 6, 17. Kawuna shida.

Bappa Hamadu ya ce, "La'ilaha illallahu. Shekara biyu ina yi wa lissafi ladabi."

Abin da littafina na Faransanci bai gaya min ba shi ne wannan. Na'urorin da ke isowa Garwa haɗe-haɗe ne, akwati daga wannan gawa, faifai daga waccan. Sau da yawa jerin bai da nau'in da ya yi daidai da faifan sak, sai mai haɗawa ya zaɓi wani da faifan zai yarda da shi, ya shimfiɗa komai a kan wannan lissafi. Daga ranar, lissafin nan kaɗai faifan ya sani. Abin da ke liƙe a jikinsa ba ya nuna abin da aka zaɓa. Sau ukun da na ci nasara, sa'a ce.

Danyel ya ce in yi masa bayani yadda zai iya maimaitawa. Na ce, "Ka ɗauka an auna gona fili shida a kowane layi, an rubuta sunaye. Wani ya zo yana ƙirga biyar-biyar. A layin farko ba za a ga matsala ba. Daga na biyu kowane suna zai faɗa filin wani."

Sai Danyel ya ce:

"To wanda ya shiga gyara da lissafin biyar, a gonar mutane ya yi noma."

"Haka ne."

"Ya nome shuka?"

"Ya nome."

Na saka lamba arba'in. Da tun safe na yi haka, da cikin minti ɗaya ta tashi, da Danyel ya kama motar ƙarfe biyu. Yanzu faifan yana karantuwa daidai, amma manhajar ta bi ta rubuta gyaranta a wuraren da ba nata ba. Teburin ya tafi, wani ɓangare na fayilolin ma ya tafi.

Kwana tara muka yi a kai. Ina da wata ƙaramar manhaja da ba ta rubutu, nunawa kawai take yi, yanki ɗaya a lokaci guda. Faifan yana da yanki sama da dubu tamanin. Nakan buɗe shago bayan sallar asuba in tarar da Danyel a bakin ƙofa, domin a harabar wani coci yake kwana. Ina danna madanni, shara na wucewa, in na ga suna sai in tsaya in karanta da murya irin ta sanarwa, a hankali, sau biyu: suna, sunan uba, layi, lambar fili. Shi kuma yana rubutawa a littafin lekol. Duk aikin da ya shigo a kwanakin nan na mayar da shi. Bappa Hamadu ya daina tsokana, yakan turo mana abinci daga gidansa da rana ya koma kan kekensa. Sau huɗu wuta ta ɗauke, kowane karo sai na nemo inda muka tsaya.

Layi na ɗaya zuwa na biyar sun fito cif. Na shida ya fito rabi. A rana ta takwas muka iso inda ya kamata na bakwai ya kasance, muka tarar da sifiri, yanki bayan yanki. Na bi sauran faifan har ƙarshe ko akwai tsohon kwafi. Babu.

Na ce masa, "Ai ka san wasu da ka. Rubuta su."

"Na san Maman Rut, na san kamar goma. Lambar fili fa? Kuma in na rubuta da hannuna, za su ce na sa nawa na bar nasu."

Na rubuta takarda da Faransanci, na sake ta da Hausa, cewa ni Salisu mai gyara a Garwa, da hannuna na lalata wannan ɓangare, sakatare ba shi da laifi. Na sa hannu, Bappa Hamadu ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Danyel ya karanta har ƙarshe.

"Za su ce saye na yi."

"Ka tafi da ita duk da haka."

Ya ninke ta ya sa cikin littafin. Ranar Juma'a da hantsi ya naɗe na'urar cikin bargo ya hau babur zuwa tasha. Kafin ya naɗe, na ɗauki fentin Bappa Hamadu na rubuta lambobin a bayan akwatin, manya-manya.

A makonnin da suka biyo baya na bi duk inda na san Malam Iro ya haɗa na'ura a garin nan, ofis-ofis, na nemi izini na buɗe, na farke layar, na rubuta abin da ke ciki a waje inda kowa zai gani. Wani akawu ya hana ni, ya ce ba a gabansa za a yi wannan saɓo ba, sai da na kawo masa takardar wata layar da na farke na nuna masa. Wani mai gyaran talabijin ya tare ni a masallaci ya ce, "Salisu, ka zubar da tuwon maigidanka a titi." Gaskiya ya faɗa. Kafin ƙarshen damina mutum uku sun fara karɓar irin wannan aiki, labarin Maga kuma ya riga ya zaga ta bakin direbobi. Akwai makon da ban kwance ƙusa ko ɗaya ba. Malam Iro ya rasu a watan Agusta, wata biyu kafin in cika shekara ukun.

Na'urorinku na yau suna gane faifansu da kansu, ba wanda zai sake neman lamba arba'in. Amma tambayar nan tana nan, ina ganinta a allon wayoyin da ake kawo muku: ko kana so a gyara, ko kana so a goge. Kuna dannawa kuna hira. Ni ka'idata tun daga ranar ba ta sauya ba. Na'urar da ta ƙi tashi, ba na barin komai ya yi rubutu a faifanta sai na kwafe shi, in ba ni da inda zan kwafe sai mai ita ya jira, ko motarsa ƙarfe nawa take tashi. Kuma duk abin da na tarar a cikin akwati wanda ban san mene ne ba, sai na nemi wanda ya sa shi na tambaya, ko matarsa ce.

Wasiƙar Danyel ta zo a watan Yuli ta hannun wani direba, layi biyar da Faransanci. An yi taron ranar Asabar ɗin. An karanta takardata, wani ya ce mutumin Garwa ba a gan shi ba, ba a san shi ba. Layi na ɗaya zuwa na biyar an raba bisa littafin, sauran bisa shaidar baki. An sauke Danyel daga sakatare, ya koma wurin ɗan'uwansa a Marwa. Gida goma sha huɗu, har da na Maman Rut, ba su dasa shinkafa ba a waccan damina.